Ina neman haya kusa da tasha: yaya zan yi lissafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Na samu aiki a kasuwar Yankaba, amma hayar cikin Kano ta fi ƙarfina. Ina son ciki da falo a wajejen Jogana ko Gunduwawa, kusa da inda ake hawa mota. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa aikin albarka. Ɓangaren da ka zaɓa ya dace, domin titin Haɗeja zai kai ka Yankaba kai tsaye, kuma motar gida ma nan take bi.

Fara da kuɗin mota, kafin ka tambayi kuɗin haya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zirga-zirga ce ke cinye aljihun ma'aikaci. A ce ka samu gida mai rahusa can cikin lungu, amma sai ka hau babur na naira 300 zuwa bakin titi, ka sake biyan 300 da yamma. A kwana 26 na aiki, naira 15,600 ke nan a wata, a shekara 187,200. Sau da yawa wannan ya haura rangwamen da aka yi maka. Shi ya sa nake cewa gidan da za ka taka da ƙafa zuwa tasha ya fi, ko da ya ɗan fi tsada. Sai dai kada ya manne da tashar. Hayaniya da ƙura za su dami iyali.

Haya a nan ta shekara ce, a dunƙule ake biya. Ka ɗora la'adar dillali, wadda yawanci kashi 10 cikin ɗari ce, da kuɗin ɗaukar kaya da 'yan gyare-gyare. Ka tambayi ruwa: akwai rijiya a gidan, ko kullum sai mai garuwa? Wuta kuma, ka nemi a nuna maka takardar biyan kuɗin wuta ta kamfanin KEDCO ta ƙarshe, kada ka gaji bashin wanda ya tashi.

Ka je ka ga gidan da idonka, in da hali bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. In rani ne, dubi gindin katanga. Alamar ambaliya ba ta ɓuya. Maƙwabta ma za su gaya maka gaskiyar da dillali zai tsallake.

Abin da nake roƙonka, kada ka miƙa ko kwabo sai ka zauna da mai gidan kansa. A rubuta yarjejeniya, da ranar shiga da ranar ƙarewa da wanda gyara ke wuyansa, mai unguwa ko wani dattijo ya shaida, ka karɓi rasit. Daga watan farko kuma ka riƙa ware kashi ɗaya cikin 12 na hayar baɗi, ko ka shiga adashi da shi.