Amsa ga ƙaninmu mai tambaya kan yafe wa shahararru laifin ƙuruciya

Wa alaikumus salam ƙanina. Tun jiya da dare na ga tambayarka amma na kasa rubuta komai sai yanzu, don abin ya taɓa ni inda ba na so a taɓa. Ka ce an ɗaure ka kana saurayi kan wani faɗa, yau ga mata ga yara amma duk inda ka nemi aiki sai takardar 'yan sanda ta tona, sannan kana ganin manyan taurari suna neman gwamnati ta goge musu nasu, wai shin sun cancanta? Wasu a nan sun ce maka hassada ce ke damunka. Wallahi ba hassada ba ce, wanda bai taɓa tsayawa layin ɗaukar hoton yatsa gabansa na faɗuwa ba shi ne zai faɗi haka.

Ni dai a ganina a yafe musu ba laifi, amma su bi layi, kuma layin nasu bayan namu yake. Ɗauki Mark Wahlberg na Amurka da ake ta misali da shi. A 1988 yana ɗan shekara 16 ya far wa wasu mutum biyu 'yan Biyetnam a Boston, ɗaya ya maka masa sanda, ɗayan ya naushe shi, yana ta zaginsu da zagin wariya, kwana 45 kacal ya yi a gidan yari. A 2014 ya rubuta wa jihar Massachusetts yana neman afuwa, cikin dalilansa har da harkar gidajen abincinsa, mutane suka yi caa, zuwa 2016 maganar ta mutu, shi da kansa ya ce da ya sani bai nema ba. To ku duba min, tsakanin 1988 da 2014 me wannan tabon ya hana shi? Ya yi suna, ya yi kuɗi, ya shiga ƙasar da ya ga dama. Duniya ta riga ta yafe masa tun kafin ya ɗauki biro. Kai kuma aikin gadi ma sai an ce kawo takarda.

Ni nawa a Magazin ya same ni, unguwar makanikai ta Kumasi a nan Ghana, ina yaron fita, wato mai koyon gyaran mota, wajen wani masta da ba zan kama sunansa ba, ya mutu ma, Allah ya ji ƙansa in zai iya... a'a, Allah ya ji ƙansa kawai. Kayan mota suka riƙa ɓacewa a shagon, alternata yau, kik sitata gobe, kowa a wajen ya san ɗan masta ne ke kwasa yana sayarwa, har mai koko da ƙosai ta bakin ƙofa ta sani. Ranar da mai wata mota ya zo da 'yan sanda, ina kwance ƙarƙashin trotro, wato ƙaramar motar haya, hannuna duk baƙin mai, sai na ji an ja ƙafata. Masta ya nuna ni da sifana da ke hannunsa ya ce wannan ne ke kwana a shago. Ko kallona bai yi ba. Mutumin da nake wanke wa mota ranar Juma'a, nake ɗauko wa matarsa kaya daga kasuwar Kejetia, uwata ta kai ni wajensa da goro da kuɗin koyon aiki da ta tara daga tallan waken da take dafawa. Ɗan nasa yana tsaye yana shan ruwan leda yana kallo. Har yau in na ji ƙarar sifana ta faɗi kan siminti sai cikina ya juya.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba wannan ba ne. Wani da ya ce shi ya san kan kotu ya zo ya ce wa tsohuwata in na amsa laifi tara za a ci ni mu koma gida, in na musa kuma rimand za a tura ni, wato tsarewar jiran shari'a, in ruɓe a can ba wanda ya san ranar da za a sake kirana. Kun san yadda rimand take kafin a fara shirin nan na kai alƙalai cikin gidajen yari a 2007, mutum sai ya yi shekaru ba a yanke masa komai ba. Ta ba shi kuɗi, ni kuma na ce na yi. Alƙali ya ɗaure ni. Tsohuwa ta zube a ƙasa a harabar kotu mayafinta ya faɗi, shi kuwa mutumin ko ƙurarsa ba mu sake gani ba. Masta bai taɓa zuwa ya duba ni ba, ko sabulu bai aiko ba, da na fito muka haɗu a wata jana'iza a Aboabo ya miƙo min hannu yana cewa ya gida, ya gida fa! Kamar daga Tamale na dawo.

Shi ya sa in na ji ana maganar afuwa sai in tuna Tsatsu Tsikata, tsohon shugaban kamfanin man fetur na ƙasa da kotu ta ɗaure. Shugaba Kufuor ya yi masa afuwa a Janairun 2009 zai sauka daga mulki, mutumin ya ce ba ya so, shi bai yi laifi ba balle a yafe masa, ya ci gaba da shari'arsa har kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2016. Na fahimce shi sosai, amma shi lauya ne, yana da bakin da zai ce ba ya so. Ni da an miƙo min da hannu biyu zan karɓa, gaskiya ta zauna a cikina.

Kuma kar wani ya ce siyasa nake yi, kowace jam'iyya ta yi nata. Sashe na 72 na kundin tsarin mulkinmu na 1992 ya ba shugaban ƙasa ikon afuwa bayan ya shawarci majalisar dattawan ƙasa, ba a ce don masu suna kawai ba. Amma ku tuna mutum ukun nan na gidan rediyon Montie a 2016, kotun ƙoli ta ba su wata huɗu kan raina kotu, aka buɗe littafin neman a yi musu afuwa manya suna ta sa hannu har da ministoci, cikin kusan wata ɗaya Shugaba Mahama ya sake su. Wa zai buɗe wa yaron Zongo littafi? Mu namu sai irin na jimla, kamar na Shugaba Akufo-Addo a Maris 2020 lokacin korona da aka yi wa fursunoni 808 afuwa, yawancinsu masu laifin farko da suka ci rabin wa'adinsu. Alhamdu lillahi an sake su, amma buɗe ƙofa daban, goge suna daban, suna fita tabon na biye da su har gida.

Yanzu kai. Abu na farko ka bincika shekarunka nawa ranar da abin ya faru, ba ranar da aka yanke hukunci ba, ka nemo takardar haihuwa ko katin awo na asibiti in tsohuwa ta ajiye. In ba ka kai 18 ba a lokacin to dokar yara masu laifi ta 2003 ta ba da dama a roƙi kotu ta goge, ban da manyan laifuka irin kisa da fyaɗe. Ka je ofishin taimakon shari'a na gwamnati su duba maka, kuma don Allah don Annabi kar ka ba kowane ejan, wato dillali, ko sidi ɗaya wai zai cire sunanka daga kwamfuta, ƙarya ce, na san wanda ya sayar da babur ɗinsa kan wannan yana shirin tafiya Katar, ya rasa babur ya rasa tafiya.

Maganar aure ka riga ka wuce ta, amma ga samarin da ke karantawa, ku faɗa da bakinku tun kafin a kai goro, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni nema na na farko haka ya watse, wata gwaggon yarinyar ce ta tashi cikin mata ta ce ba za su ba tsohon fursuna ba, an riga an sa rana fa, an ɗinka anko. Ba zan shiga wannan ba don in na fara ba zan gama ba.

Sai kuma abin da ban ga kowa ya faɗa maka ba. Ka ce faɗa ne, ke nan akwai wanda ya ji ciwo. Yana raye? Ka san gidansu? Ɗaya daga cikin mutanen da Wahlberg ya daka ya fito ya ce ya yafe masa, ni a wajena wannan ta fi duk takardar da gwamna zai sa wa hannu, don ko malamanmu kullum suna faɗa, haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Ka ɗauki limamin unguwarku ko wani kawunka ku je, kar ka je kai kaɗai, kuma kar ka ɗauki hoto ka sa a Facebook kamar yadda taurarin ke yi. In ya kore ku ku dawo, wata rana ku sake komawa. Ni abin da na jira ke nan daga masta har aka sa shi a rami bai zo ba, ɗan nasa kuwa yanzu Alhaji ake ce masa, sahun gaba yake sallah.

Batun aiki kuma, in kana Kumasi kuma hannunka ya iya wani abu ko da walda ce ko wayarin, yi min magana ta gefe, akwai masu shago da ba sa tambayar takarda, aikinka kawai za su duba. Kuɗin ba yawa da farko, kar ka ce ban faɗa maka ba.