Ƙanƙarar Tudu da Ƙanƙarar Teku: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon duk sun karkata ne ga kalmomin da muke ji a labaran ɗumamar duniya da narkewar ƙanƙara, saboda haka na tattara su wuri guda.

Tambaya daga wani mai karatu a Sakkwato: Allah ya gafarta Malam, wanne ya fi daidai, "sauyin yanayi" ko "canjin yanayi"?

Duka biyun Hausa ce. "Canji" aro ne daga Turanci, amma ya daɗe da zama ɗan gida, tunda har 'yan canji muke da su a kasuwa. Ni dai "sauyi" nake rubutawa. Inda gizo ke saƙa shi ne kalmar "yanayi", domin da ita muke faɗin halin da gari ya wayi ciki yau, da ita kuma muke faɗin ɗabi'ar ƙasa ta tsawon zamani, wadda masana kan auna a kan shekara 30. Shi ya sa idan hunturu ya yi tsanani shekara guda sai ka ji wani yana cewa ina ɗumamar da ake ta faɗa. Wannan ya ɗauki sanyin mako biyu ya yi wa ƙarni guda hukunci da shi.

Tambaya daga wani ɗalibi a Damagaram: Malam, na ji a rediyo cewa narkewar ƙanƙara ce ke sa teku ƙaruwa. To ni na cika kofi da ruwa da ƙanƙara har baki, ta narke duka, ko ɗigo bai zuba ba. Shin 'yan rediyo sun yi kuskure ne?

Ɗana, gwajinka daidai ne, 'yan rediyo ma ba su yi ƙarya ba, kalmar ce aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta. Kafin in shiga bayani, ka lura da yadda ka rubuta ta a wasiƙarka, "kankara", babu lanƙwasa ko ɗaya. Da ƙ mai ƙugiya ake rubuta ta, sau biyu. Wanda ya saba yar da ƙugiya zai wayi gari ba ya bambanta ƙanƙara da kankare tukunya ko kankaren gini, kuma ana iya samun waɗannan haruffa a wayoyin yanzu, don haka uzurin ya ƙare.

Ƙanƙarar da kakanninmu suka sani ita ce wadda ke faɗowa tare da ruwan sama kamar tsakuwa, ta yayyaga ganyen gero da dawa. Suna kuma kiran dutsen nan mai tauri da ake ƙyasta wuta da shi da wannan suna. Da firji ya zo, aka ba ruwan da ya daskare a cikinsa sunan, ita ce wadda ake rububin saya da yamma a watan azumi. Da Hausawa suka ga farin abin nan mai laushi da ke zuba a ƙasashen sanyi, sai suka tuna da abin da ke fita idan an surfa hatsi, suka ce "dusar ƙanƙara". Wannan ƙirƙira tana burge ni ƙwarai, domin duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai sheƙe hatsi ya riga ya ga hoton abin tun bai je Turai ba. Har zuwa nan harshe ya yi aikinsa. Matsalar ta taso ne da aka zo kan ƙanƙarar ƙurewar arewa da ƙurewar kudancin duniya, inda ake da iri biyu masu hukunci daban, mu kuwa muka haɗa su a suna ɗaya.

Iri na farko ruwan teku ne da kansa ya daskare, yana yawo a saman sauran ruwan, kamar yadda yake a Tekun Aktik da ke ƙurewar arewa. Wannan ita ce ta cikin kofinka. Abin da ke yawo a kan ruwa ya riga ya ture ruwa daidai nauyinsa, don haka idan ya narke gurbin da ya tura kawai zai cike. Iri na biyu kuwa a kan ƙasa take zaune. Dusar ƙanƙara ce ta dubban shekaru da ta taru, ta danne juna, ta zama dunƙule, kamar wadda ta rufe tsibirin Girinlan a arewa da nahiyar Antatika a ƙurewar kudu, inda kaurinta a wasu wurare ya haura kilomita 4. Wannan ba ta cikin lissafin teku tukuna, kuma duk abin da ya narke daga jikinta ko ya ɓalle ya faɗa ruwa ƙari ne sabo. Ka sake gwajinka: cika kofin da ruwa zalla har baki, ka ɗora ƙanƙarar a kan rariya a samansa, ka dawo bayan sa'a guda ka ga tabarmarka. Masana sun ƙiyasta cewa da ta Girinlan za ta narke ƙurmus, teku za ta tashi da kusan mita 7, wato wajen gaba huɗu a ma'aunin masu haƙa rijiya, ta Antatika kuwa kusan mita 58. Ba abu ne na shekara goma ko ɗari ba, amma adadin yana nuna girman rumbun.

Shawarata ga masu fassara labarai ita ce su riƙa cewa "ƙanƙarar teku" da "ƙanƙarar tudu". Bahaushe ya riga ya raba dabbobin ruwa da na tudu, ba zai sha wahalar gane wannan ba. Kada kuma a ɗauka ta tekun ba ta da muhimmanci. Fara ce, tana mayar da hasken rana sama, idan ta tafi sai ruwa mai duhu ya bayyana ya shanye zafin, kamar bambancin farar riga da baƙa a tsakiyar bazara. A watan Satumba na 2012 faɗinta a Aktik ya ragu zuwa kusan murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙanƙanta tun da aka fara auna ta da tauraron ɗan'adam a 1979. Sannan akwai abin da kalmar ƙanƙara ke ɓoyewa gaba ɗaya: ruwa idan ya yi ɗumi yakan buɗe ya ƙara cin wuri, kuma kusan rabin ƙaruwar teku tsakanin 1971 da 2018 daga wannan buɗewar ya zo.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zariya: "Zafi ya narke ƙanƙara" ko "ya narkar da ƙanƙara"?

Malama, ki koya wa yara na biyun. Zafi ne ke narkar da ita, ita kuwa narkewa take yi.

Tambaya daga wani mai karatu a Kumasi: Malam, ɗumi ai abu ne mai daɗi. Me ya sa ake cewa "ɗumamar yanayi" ga abin da ake tsoro?

Ka yi gaskiya, kalmar tana da taushi. Daga tushenta muka sami ɗumame, tuwon jiya da ake mayarwa kan wuta da safe, da jin ɗumi a bakin murhu lokacin sanyi. Amma ta fuskar awo ta dace, domin ƙarin bai kai a ce tafasa ko ƙuna ba. Matsakaicin zafin duniya a shekarun 2011 zuwa 2020 ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas, kuma yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Faris a 2015 tana neman a tsayar da shi ƙasa da digiri 2, in da hali a 1.5. Wanda ya raina digiri ɗaya ya tuna cewa jikin mutum 37 ne, idan ya kai 38 an ce zazzaɓi. Da ni aka tambaya tun farko da na ce "zazzaɓin duniya", amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa mazaunin Agege: Shin tashin ruwan teku shi ne ambaliya?

A'a, Alhaji, kuma wannan haɗin gambiza yana damuna a bakin masu karanta labarai. Ambaliya ruwa ne ya fita daga mazauninsa farat ɗaya ya mamaye inda ba nasa ba, daga baya ya janye, kamar yadda aka gani a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Abin da teku ke yi ya fi kusa da tumbatsa, wato cika har baki, kuma ba ta komawa. Rahoton 2021 na kwamitin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ce daga 1901 zuwa 2018 ta tashi da kusan santimita 20, taƙi guda ke nan. Saurin kuma ƙaruwa yake yi: milimita 1.3 a shekara kafin 1971, amma milimita 3.7 tsakanin 2006 da 2018. A nan ne karin maganar "da yayyafi kogi kan cika" ke zama daram, tunda ma'anarsa ita ce ƙaramin abu mai ɗorewa shi ke tara babba. Dangantakar kalmomin biyu ita ce tumbatsa tana share wa ambaliya hanya, domin igiyar ruwan da a da take tsayawa a bakin yashi yanzu taƙi guda ta fi tsawo. Kalma ta uku da ya kamata ka riƙe ita ce zaizaya, cin gaɓa sannu a hankali, irin wadda ta daɗe tana cin garin Keta a Gana, ta kuma ci bakin tekun Bar Beach a nan Legas ɗinku kafin a yi masa katangar duwatsu. A birnin Jakarta na ƙasar Indonesiya kuwa akwai ta huɗu, nutsewa, domin ƙasar ce da kanta ke yin ƙasa saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashinta.

Tambaya daga Maraɗi: Teku "ta cika" ko "ya cika"? Na ga ana rubuta "Tekun Atlantika".

Ana jin duka biyun, ni "ta" nake cewa. Harafin "n" ɗin ba hujja ba ne, ai muna cewa "gwamnatin jiha ta ce".

Tambaya daga wani matashi a Kano: Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Ashe ke nan ƙanƙarar Antatika ba ruwanmu da ita?

Karin maganar yana nufin abin da ya taɓa ka kai tsaye, na alheri ko na wahala, shi ka sani haƙiƙa, kuma sau da yawa yabo ne ga wanda ya amfane ka a aikace. Ba a yi shi don ya zama lasisin ko-in-kula ba. In karin magana kake nema ga wannan batu, "ruwa ba ya tsami banza" ya fi kusa, wato duk abin da ya sauya akwai dalili a bayansa. Dalilin a nan iskar kabon ce da ke fita daga ƙona kwal da fetur da gas, wadda yawanta a sararin sama ya tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na wannan iska, amma zafin da ke narkar da ƙanƙarar can shi ne wanda ke ƙara wa watan Afrilu tsanani a Kano.

Tambaya ta ƙarshe, daga Garwa: Me za a kira ƙaton ɓallin ƙanƙara da ke yawo a teku? Na ji ana cewa "dutsen ƙanƙara".

Ba na son wannan, saboda dutsen ƙyastu ya riga shi sunan. Ga matsakaici ka ce "curin ƙanƙara", ga babba kuwa "tsibirin ƙanƙara". Wanda ya ɓalle daga Antatika a watan Yulin 2017, aka yi masa lamba A-68, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 5,800, ya fi jihar Legas girma, don haka "tsibiri" bai yi masa yawa ba.