Gida Mai Famfo Biyu: In Saya Ko In Fasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a birnin Sidini na Ostareliya. Mun ga gida a wata sabuwar unguwa wajen Rouse Hill, sai dillali ya ce layin ruwa biyu ne ke shiga gidan: na sha, da kuma wanda aka tace daga ruwan najasa. Uwargida ta ce ita kam ba ta zaman gidan ruwan masai. In saya ko in fasa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, in kuɗin gidan ya yi maka, ka saya. Tun 2001 hukumar Sydney Water ke raba irin wannan ruwa a yankin, kuma an ware masa aikinsa: korar bayan gida, ban ruwan shuke-shuke, wankin mota, da injin wanki. Ba a sha, ba a girki da shi, ba a wanka. Bututunsa da famfonsa launin shanshanbale ne don kada a ruɗe, al'adar da ta samo asali daga Irvine ta jihar Kalifoniya. Ka gaya wa uwargida tukunyarta ba za ta taɓa ganinsa ba.

Amma akwai inda ya shafe mu musamman, kuma dillali ba zai tuna ya faɗa maka ba. Mu masu tsarki da ruwa ne. Da mun tare, abu na farko sai a ɗaura ɗan tiyon tsarki a gefen masai, kuma wurin da ya fi sauƙin jonawa shi ne bututun da ke cika tankin masan. To a irin gidan nan, wannan bututu na tacaccen ruwa ne. Ka kira mai aikin famfo mai lasisi ya ja maka layi daga ruwan sha. Buta ma a riƙa cika ta a famfon wanke hannu. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa a 1978 cewa ruwan najasa yana tsarkaka idan tacewa ta gusar da launi da wari da ɗanɗanonsa, sai dai wannan maganar fiƙihu ce. Masu ruwan da kansu sun ce ba na jiki ba ne, ni kuwa maganarsu zan bi.

Kafin ka sa hannu, a rufe babban makunnin ruwan sha, a bi famfunan kicin da na wanka ana buɗewa. Duk wanda ya ci gaba da zuba, an haɗa layi ba daidai ba, kuma an taɓa samun haka a yankin. Famfon tacaccen ruwa na tsakar gida kuwa, a cire masa kan murɗawa idan an gama aiki, don yaro ba ruwansa da launi in ƙishi ya kama shi.

Tambaya: Ina gini a Kano, rijiyar burtsatse ta ci mini kuɗi. Zan iya sake amfani da ruwan da aka yi wanka da wanki da shi?

Amsa: Ƙwarai, Alhaji, kuma yanzu ne lokacinsa, tun ba a yi filasta ba. A ware bututun wanka daga na masai, a kai shi gindin mangwaro ko darbejiya ta ƙarƙashin ƙasa. Kada ka tara shi ya wuce kwana guda, zai yi ɗoyi ya tara sauro. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo ya bi sokawe, kuma kada ko ɗaya ya taɓa latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye.