Hukuncin rubuta manhajar tafinta ga yarukan kwamfuta na gwada basira

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Ina sha'awar wasu yarukan kwamfuta da aka ƙirƙira don wasa ƙwaƙwalwa kawai, irin su Befunge da Whitespace da Malbolge. Nakan rubuta musu manhajar tafinta, wadda ke karanta umarninsu ta aiwatar. Abokina ya ce haramun ne, wai lahawu ne. Gaskiya nakan kai ƙarfe uku na dare a kai, wani lokaci sai rana ta fito nake yin Asuba. Mene ne hukunci?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Aikin a kan kansa halas ne, domin asalin al'amuran duniya halasci ne.

Abokinka, a zatona, ya dogara ne da hadisin Uƙuba ɗan Amir, cewa duk wasan da Musulmi ke yi baɗili ne sai harbi da baka, da horar da doki, da wasa da iyalinsa. Idan haka ne, ya kawo hadisi, amma bai kawo fahimtar malamai ba. Imam Gazali ya bayyana cewa kalmar baɗili a nan ba ta nuna haramci, tana nuna rashin fa'ida ne kawai. Da haramci ake nufi, da Annabi (SAW) bai ƙyale Habashawa suna wasa da mashi a cikin masallacinsa ba, har ya tsaya yana kare Nana A'isha tana kallo. Kuma shi ne ya ce wa Hanzala sa'a da sa'a, wato akwai lokacin ibada, akwai na hutawa.

To ma, wa ya ce babu fa'ida? Ɗauki yaren da Urban Müller ya ƙirƙira a 1993, mai alamomi 8 kacal. Duk wanda ya zauna ya rubuta masa tafinta dole ya fahimci yadda manuni, wato abin da ke nuna gurbin da ake aiki a kai, ke tafiya gurbi bayan gurbi a ma'adanar kwamfuta, da yadda ake gano abokiyar kowace baka, wato alamar [ ko ], don umarni ya maimaitu. Befunge kuwa umarninsa na bin hagu da dama, sama da ƙasa, kamar mai yawo a kan allon dara. Wannan horar da hankali ne, kuma a fannin da kake karanta. Maharbi ma yana ɓarnar kibiya a kan kututture kafin ya shiga daji.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarshen tambayarka, wanda ka ambata kamar a wucewa. Wanda barci ya rinjaya sau ɗaya yana da uzuri, ya yi salla idan ya farka. Amma kai ka san ƙarfe uku na cinye maka Asuba, kuma kana komawa. A nan hiran daren ya zama haramun a kanka, ko da littafin fiƙihu kake karantawa. Na san yadda abin yake: kuskure ɗaya ya maƙale, kana cewa bari in sake gwadawa sau ɗaya, sai ga ladan. Malbolge da ka ambata, tun fitowarsa a 1998 sai da aka shekara 2 kafin a sami shiri na farko mai aiki da shi. Ba zai ƙare maka a dare ɗaya ba. Sa wa kanka lokacin rufe kwamfuta, ka mayar da aikin bayan Asuba.

Sannan wancan yaren mai alamomi 8, cikakken sunansa batsa ne. Masu aiki da shi da yawa suna taƙaita shi da BF, kai ma ka yi haka, a bakinka da rubutunka. Idan ka ɗauko aikin wani, ka kiyaye sharuɗɗan lasisinsa, kada ka jingina wa kanka. Abokinka kuma ka yi masa bayani cikin laushi, kishin addini ne ya sa shi magana.

Allah ne mafi sani.