Ka fara da randar gidansu

Malam, ka tambaya me ya sa manya da yawa ke gudun kimiyya, da yadda za a dawo musu da sha'awarta. Ni ma na daɗe ina gudunta, yanzu kuma ina koyar da ajin manya da yamma, to bari in gaya maka abin da na gani.

A sakandaren da na yi, da wuya a kai mu ɗakin gwaje-gwaje. Sai a cika allo da Turanci, mu kwafe, mu haddace, wanda ya kasa ya sha bulala. In ka yi tambaya 'yan aji su sa maka dariya. Mutumin da ya tashi a haka, da ya ji an ce kimiyya, kunyar nan yake tunowa. Wannan yana ci mini rai, domin masu basira da yawa aka kora ta haka.

Abin da ya yi mini aiki shi ne farawa da abin da suka riga suka sani, da Hausa. Ranar farko nakan tambaye su: me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Sai gardama ta kaure, kowa da hujjarsa. Daga nan mu gano cewa ruwa yana tsatsafowa ta jikin yumɓu, in iska ta busar da shi sai ya tafi da zafi, kamar gumi a jikin mutum. Sannan in ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, wanda ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya su daɗe ba su lalace ba, har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000. Ka ga fuskokinsu a lokacin, wallahi sai ka ji daɗi.

Marinar Ƙofar Mata ma darasi ce. Zane yana fitowa daga ruwan baba da kore-kore, iska na taɓa shi sai ya koma shuɗi.

Kada ka yi musu jarrabawa, kada kuma ka gyara wa dattijo kuskure a gaban jama'a. Ba shi tukwane biyu da yashi, ka ce ya zuba tumatir a ciki, ya kuma bar wani tumatir ɗin a faifai, bayan mako guda ya zo ya ba ajin labari.