Kullum ina coci, amma zuciyata a bushe take

Tambaya: Baba Pasto, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni matar aure ce, 'ya'yana huɗu, ina sayar da hatsi a kasuwar Kafanchan. Ina cikin Zumuntar Mata, ina cikin mawaƙa, ina kuma koyar da yara a Makarantar Lahadi. A mako guda sai in je coci sau biyar. Amma rabona da buɗe Littafi Mai Tsarki ni kaɗai ya fi wata uku. In na durƙusa addu'a, barci ke kwashe ni. A gida kuma ga saurin fushi, yarinyar da ke taya ni aiki ita ta fi shan faɗa. Mutane suna yabona, ni kuwa na san cikina. Yaya zan yi in yi zaman tsarki na gaske?

Amsa: Mama, Ubangiji ya ba ki salama. Wannan damuwa da ta sa kika rubuto aikin Ruhu Mai Tsarki ce, don wadda zuciyarta ta taurare yabon mutane ya ishe ta.

Tsarki a Littafi Mai Tsarki keɓewa ne, wato abu ya zama na Allah. Shi ya sa Bitrus, a wasiƙarsa ta fari 1:15, ya ce mu zama masu tsarki cikin dukan al'amuranmu. Wannan "dukan" ya haɗa da rumfarki ta kasuwa, da madafa, da irin muryar da kike kiran yarinyar nan da ita. Sau biyar ɗin da kike zuwa coci kaɗan ne daga cikin makonki.

Ki sake karanta labarin Marta da Maryamu a Luka 10:38-42. Yesu bai tsawata wa Marta don ta yi girki ba, ai dole baƙo ya ci abinci. Abin da ya nuna mata shi ne damuwa da ta cika mata rai, har ta fara ƙorafi a kan 'yar'uwarta a gaban baƙon da take yi wa hidima. Hidimar da ba a zauna a gaban Ubangiji kafin a tashi yinta ba, ƙarshenta fushi ne, kuma na kusa shi ke kwasa. Shi kansa Yesu, a Markus 1:32-35, da yamma duk garin ya taru a bakin ƙofa yana warkar da marasa lafiya, amma da asuba tun da sauran duhu ya fita inda ba kowa ya yi addu'a.

Don haka shawarata ta farko za ta yi miki nauyi: ki ajiye ɗaya daga cikin ayyukan nan uku, ko da na wata shida ne. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Mu shugabannin ikilisiya muna da laifi a nan, domin da zarar mun ga mai ƙwazo sai mu yi ta jibga mata kaya, ba ma tambayar yadda ranta yake. Ki sami pastonku da shugabar Zumunta ki faɗa musu gaskiya. Manzanni ma da aikin rabon abinci ya yi musu yawa, a Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai aka zaɓa suka karɓe shi.

Batun barci kuwa, kada ki ɗora wa kanki zunubin da ba ki yi ba. Macen da ta wuni a rana tana awo, ta dawo ta ɗora tukunya, ta wuce koyon waƙa, in ta durƙusa ƙarfe goma na dare dole jiki ya karɓi haƙƙinsa. Annabi Iliya da ya gaji har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, barci aka bar shi ya yi, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, kafin Allah ya yi masa magana. Ki mai da addu'arki safiya, kafin yara su tashi. Ki zauna a kujera, ki yi ta da murya ƙasa-ƙasa, minti goma ya isa a farko. In kalmomi sun ƙi zuwa, ɗauki Addu'ar Ubangiji layi-layi. Kin ce "ka gafarta mana", sai ki tsaya ki ambaci laifin jiya da sunansa. Kin ce "abincin yini", sai ki kawo cinikin ranar da kuɗin makarantar yara. Zabura ma littafin addu'a ce, ta 63 da ta 51 sun dace da inda kike yanzu.

Karatu kuma ki raba shi da shirin darasin Makarantar Lahadi, domin wancan girki ne kike yi wa wasu. Fara da Markus, surori 16 ne kawai. Ɗan sashe kaɗan kowace safiya, ki tambayi kanki me ya nuna miki game da Yesu, me kuma zai canza a yininki. Aya ɗaya ki riƙe ta ki tafi da ita kasuwa. Nakan tuna cewa cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, bayan wahalar shekaru da irin su Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, kuma iyayenmu mata da yawa saboda shi suka zauna koyon ABCD da girmansu. Yau yana cikin wayarki, har da wanda ake saurara, kina tsince wake kina ji.

Sai hidima. Ba na so ki daina, ina so ki fara daga inda ba mai tafa miki. Yaƙub 1:26 ya ce wanda yake ganin shi mai addini ne amma bai kame harshensa ba, addininsa banza ne. Karin Magana 11:1 kuma ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba, saboda haka mudun da kike saye da shi ya zama shi kike sayarwa da shi. Yarinyar nan kuwa 'yar wasu ce da aka ba ki amana. Tana zuwa makaranta? Abin da 'ya'yanki ke ci shi take ci? Ki kira ta a makon nan, ku biyu kawai, ki ce mata kin yi mata ba daidai ba, ta yafe miki. Zai yi miki wuya fiye da tsayawa gaban taron mata ki yi wa'azi, na sani. In kun fara sujadar iyali da dare, ko ta minti biyar ce, ki ba ta Littafin ita ma ta karanta aya a ranar da layi ya zo kanta.

Bayan wata guda ki sake rubuto mini, ina so in ji wanne aiki kika ajiye da kuma inda kika kai a Markus.