Amsa kan ƙarar da ke fitowa daga tsakiyar keke

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina, na saurari saƙonka inda ka ce kekenka Phoenix yana ƙara a daidai inda hannayen feda suke haɗuwa, musamman idan ka danna ƙafar hagu a kan hawa da kaya a baya, kuma ka ɗiga masa baƙin mai amma bayan kwana biyu ƙarar ta dawo. Don Allah ka dakata da zuba man nan, domin a wannan ƙura ta hunturu mai yana tara yashi ne, yashin kuma ya riƙa cin ƙarfe.

Kafin ka kwance komai, ka tabbatar daga ina ƙarar take, saboda jikin keke bututu ne, ƙara tana bin sa ta ruɗi kunne. Ka miƙe tsaye kana tuƙawa. Idan ta yi shiru, sirdi ne yake neman ɗauri. Idan ba ta daina ba, ka sauka ka kama hannun fedar hagu ka girgiza shi ciki da waje. Tunda a ƙafa ɗaya kake jin ta, kuma sau ɗaya a kowane zagaye, na fi zargin ƙusar nan mai noti da ke riƙe hannun feda a jikin sandar tsakiya. Gefenta ɗaya a shafe yake, kuma da zarar ta sami sako-sako sai sandar ta yi mata tsagi. Na taɓa cire wata daga kekena na ga tsagin har farce yana shiga ciki. Irin wannan ba ta gyaruwa, sabuwa za ka saya, ka tafi da tsohuwar don a gwada kauri, domin akwai mai milimita 9 akwai mai 9.5. Wajen sakawa, ka tokare ƙasan hannun fedar da ƙarfe ko itace mai ƙarfi, ka buga ta da guduma har ta zauna, sannan ka ɗaure notin a hankali. Kada ka ja ta da noti, zai tsinke maka a hannu. Ka kuma lura kan ƙusar hagu ya kalli akasin inda ta dama ta kalla, in ba haka ba fedodin ba za su miƙe daidai ba.

Idan kuwa hannayen biyu suna motsi tare, to matsalar a boris take, wato ƙwallayen ƙarfe da sandar tsakiya take juyawa a kansu. Ka kwance zoben da ke hagu da kofin da ke bayansa, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa don ƙwallayen kada su watse cikin ƙasa, ka wanke komai da kananzir. Idan ƙwallayen a warwatse suke, 11 ne a kowane gefe. Ka shafa yatsa a kan sandar inda suke birgima. Idan ka ji ramuka, ka canja ta. Ka cika giris, ka mayar, ka ɗaure har motsin ya ɓace amma sandar tana juyawa sumul. Kofin dama kuwa ɗaurinsa a juye yake, wato ana kwance shi ne ta ɓangaren da aka saba ɗaurewa, kuma idan yana nan daram ka bar shi a wurinsa, ka goge cikinsa kawai.

Ka fara da ƙusar yau, ka hau tudun nan da kayanka, sannan ka turo mana abin da ka ji.